Rufin Asirin Baba Haskett

A ƙasan banɗaki aka fara cinikin, ɗaya zaune dirshan a kan tayil mai sanyi, ɗaya tsugune yana riƙe da hammatarsa. Na ƙasan shi ne Lyman Haskett, baƙar fatar Amurka, ɗan shekara tamanin da uku, wanda ya shafe shekara sittin yana wasan kwaikwayo a fim da kan dandamali. Na tsugunen kuwa Gamaliel Kambai ne, mutumin Kagoro, carer ɗin da kamfani ke turowa sau huɗu a yini ya yi wa tsohon wanka, ya ba shi magani, ya ɗumama masa abinci. Faɗuwa ta uku ke nan a cikin watan Oktoba kaɗai.

Da aka samu da ƙyar aka ɗora shi a kujera, Gamaliel ya nufi kan firij, inda ake ajiye wani shuɗin littafi da kowane carer ke rubuta abin da ya tarar. Tsohon ya ce ya dakata. Ya ce ai biyun farko ma bai rubuta ba, ya duba littafin da idonsa. Gamaliel ya sunkuyar da kai, don ba ƙarya a maganar. Ranar faɗuwar farko ya tarar da dattijon ya jiƙa wandonsa, hannun Gamaliel kuwa ya ƙi rubuta wannan a littafin da 'yan mata sa'o'in jikokin mutumin ke karantawa. A inda Gamaliel ya tashi, idan babba ya yi abin kunya zane ake yafa masa, ba a kiran mai shela.

Tsohon ya zaro wata wasiƙa daga aljihun rigar barcinsa, duk ta yi laushi don yawan buɗewa. Wani ƙaramin gidan wasa ne a Birmingham ke nemansa, ya fito a matsayin kakan gida, yana zaune a kujera daga farkon wasa har ƙarshe. Za a fara gwaji Litinin ta farko a Fabrairu. Sharaɗi ɗaya ne: likitan masu inshora ya duba shi, ya kuma duba shuɗin littafin.

"Wata huɗu," in ji shi. "Ka bar mini littafin nan fes na wata huɗu. Ni kuma in sa ka ci interview ɗin nan da ke ta kayar da kai."

Ya san inda ya taɓa. Sau uku Gamaliel na neman aikin tura gadon marasa lafiya a babban asibitin koyarwa na Edgbaston, can a Birmingham ɗin, sau uku ana sallamarsa da wasiƙar ban haƙuri. Aikin carer ba shi da tsayayyun awoyi, yau a kira ka, gobe a manta da kai, hukumar shige da fice kuwa ba ta karɓar irinsa daga mai son kawo iyali. Matarsa Justina tana Kafanchan tana jira, shekara tara ke nan. Ta daina tambayar yaushe, wannan kuwa ya fi tambayar ciwo.

Gamaliel ya ce, to Baba, in ka faɗi ba na nan fa? Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce ya faɗi matacce sau talatin da ɗaya a gaban kyamara, duk ya tashi ya karkaɗe rigarsa ya je ya ci abincin rana. Ya miƙo hannu. Gamaliel ya karɓa da hannu biyu kamar yadda ake karɓar na babba. Hannun sanyi ƙalau, kamar an ciro shi daga firij ɗin nan.

Flat ɗin yana hawa na biyu a wani tsohon gidan attajirai da aka yayyanka gida takwas, a unguwar Whalley Range, a wani birnin Ingila daban, tafiyar jirgin ƙasa daga Birmingham. Babu wanda ya san maƙwabcinsa. Cibiyar tsofaffi da ke bakin titi, inda Baba Haskett kan je ranar Laraba, council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe ta tun bazara, ta ce babu hali. Saboda haka duk labarin da ke cikin tsohon, Gamaliel ne ya zama rumbunsa, ana ba shi gutsure-gutsure tsakanin goge baya da sa safa.

Ubansa mai shirya gawa ne a wani gari na jihar Ohio, gawar baƙaƙe, don a lokacin ko gawa ba ta haɗa ɗaki da ta farare. Tun yana ɗan shekara goma yake riƙe wa uban kwanon ruwa. Da ya gudu New York yana saurayi, ya yi share dandamali, ya yi riƙon mashi a bayan sarki, ba ko kalma ɗaya a bakinsa. Sai wata rana wani mai shirya fim ya ga yadda ya faɗi da aka harbe shi a wasa, ya ce wannan yaron ya iya mutuwa. Shi ke nan, sana'a ta samu. Ya yi sojan da harsashi ke fara samu, ya yi kukun da ke tare wa maigida wuƙa, ya yi sarkin Afirka da gashin jimina a ka yana surutun da ba harshen kowa ba ne. Gamaliel ya rantse ya taɓa ganinsa a silima a Jos yana yaro, 'yan kallo suna ihu sun san wannan ba zai kai rabin fim ba. Tsohon ya ce ko shakka babu shi ne.

A 1967 ya zo Ingila da wani wasa, ya ga a nan ana barinsa ya yi magana a dandamali, ya ƙi komawa. Ya auri wata mai ɗinkin kayan wasa, Margaret, ba su haihu ba, ta rasu shekara takwas da suka wuce. Amma ko a Ingilar, in ji shi, sai dai a bar shi ya yi magana sannan a kashe shi. Wannan na Birmingham shi ne na farko da za a sauke labule yana zaune da ransa.

Wata safiya Gamaliel na sa masa takalmi, ya tambaye shi mene ne sirrin mutuwar tasa da har ta ci da shi. Tsohon ya ce ƙafafu ne. Ya ce duk ɗan wasa idan ya kwanta gawa, fuska yake gyarawa, ya manta yatsun ƙafarsa suna kallon sama, don mai rai ba ya sakin cinya. Gawar gaskiya kuwa ƙafafunta wargajewa suke yi, ɗaya ta faɗi gabas, ɗaya yamma. A ɗakin ubansa ya koya.

"In kana so ka san ko mutum ya tafi, kada ka dubi fuskarsa. Fuska maƙaryaciya ce. Dubi ƙafa."

Gamaliel ya ce, Baba, a daina irin wannan magana da sassafe. A garinsu ba a kwaikwayon gawa, ko yaro ya kwanta ya ja zane ya rufe fuska sai an dake shi. Tsohon ya ce da a garinsu aka haife shi da yunwa ta kashe shi.

Darasi kuwa aka shiga yi ba wasa. Ranar farko tsohon ya zauna a bayan teburin cin abinci, ya ce Gamaliel ya fita ya ƙwanƙwasa ya shigo. Ya shigo kafaɗa a ranƙwashe, ido a kan kafet, ya tsaya har sai an ce ya zauna, ya zauna a gefen kujera. Aka tambaye shi me ya iya, ya ce da taimakon Allah suna ƙoƙari. Tsohon ya dafe kai. Ya ce su wa ke ƙoƙarin, ku nawa ne a cikin rigar? Ya ce abin da Gamaliel ke kira ladabi, Bature yana ganinsa ya ce wannan ko dai ɓarawo ne ko bai san aikin ba.

Ya koya masa ya kafa tafin ƙafa biyu a ƙasa. Ya koya masa idan ido ya yi masa nauyi, ya dubi tsakanin girar mutum, mai girar ba zai bambance ba. Idan an yi tambaya kada ya yi rawar jiki, ya ƙirga biyu a zuci, sannan ya amsa a gajarce ya rufe bakinsa. Mai gaskiya, in ji shi, ba ya cika ciki da bayani, saboda haka duk mai son a ɗauke shi mai gaskiya sai ya yi rowar magana. Gamaliel ya yi mako uku kafin ya iya cewa ni na yi kaza ba tare da ya ji kamar ya zagi ubansa ba.

Shi ma yana biyan nasa. Kowace safiya sai ya yi wa tsohon bitar ranar wata da shekara da sunan firaminista. Ya mayar da sandar tafiya mai ƙafa huɗu bayan kabad. Da ya tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kan wuta, tsohon na zaune yana kallon hayaƙin kamar a talabijin, sai ya buɗe taga, ya sa tukunyar a jakarsa, ya jefar a kwandon sharar wani layi. A littafi ya rubuta: ya ci abinci, ya sha magani, yana cikin nishaɗi. Har gaisuwa ya koya masa. Ya ce a wurinsu ko mutum na kan gadon ajali aka ce ya jiki, lafiya lau zai ce. Abin ya burge tsohon ƙwarai, ya ce ashe ƙasarku kaf 'yan wasa ne. Daga ranar ko me aka tambaye shi sai ya buɗe muryar nan tasa da aka horar don ta kai kujerar ƙarshe, ya ce lafiya lau, har gilashin taga na amsawa.

Sai dai jiki ba ya karanta littafi. A Nuwamba wani tabo baƙi ya fito masa a ƙugu, faɗin tafin hannu, ya ce bai san inda ya samo shi ba. Sau biyu ya kira Gamaliel da sunan wansa da ya mutu tun kafin a haifi Gamaliel ɗin. Amma da zarar an miƙa masa takardar wasan, sai ka ga mutum ya miƙe, ido ya kawo haske, ba ya tuntuɓe ko a kalma ɗaya. Gamaliel ya riƙa gaya wa kansa cewa wasan nan shi ne maganinsa, wanda ya hana shi kuwa shi ya kashe shi. Mutum in yana son abu, ba ya rasa ayar da zai jawo.

Ranar ganin likita suka hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham. Tsohon ya sa kwat mai ruwan toka da hular malafa, ya bar sanda a gida, ya riƙe lema a madadinta. A tasha ya jingina da Gamaliel da dukan nauyinsa, amma suna isa ƙofar ofishin a Edgbaston ya saki hannunsa, ya shiga da ƙafarsa kamar mai zuwa karɓar lambar yabo.

Likitan dogo ne, mai furfura a gemu, Dakta Falalu Ashafa. Ya auna jini, ya haska ido, ya sa tsohon ya taka daga bango zuwa bango. Ya ba shi kalmomi uku ya riƙe, bayan minti biyar ya tambaya, tsohon ya kawo su har da ƙarin barkwanci. Mai haddar shafi arba'in, kalma uku me za ta yi masa? Likita ya buɗe shuɗin littafin ya daɗe yana juya shafuka. Da tsohon ya shiga bayan labule sa riga, sai ya dubi sunan da ke ƙasan kowane shafi, ya juya harshe zuwa Hausa, murya ƙasa-ƙasa. Ya tambayi Gamaliel mutumin ina ne, suka gaisa, aka tambayi gida da sanyi. Sannan ya ce ya ga tabo a ƙugun dattijon, irin wanda gefen bahon wanka ke yi. Ya ce shekararsa ashirin yana karanta irin littafin nan, bai taɓa ganin na ɗan tamanin da uku da ya yi tsabta haka ba.

"Malam Gamaliel, tsakanina da kai ne, ba da turanci nake tambayarka ba. Dattijon nan yana faɗuwa?"

Da a watan jiya ne, da ido ya tona shi kafin baki. Gamaliel ya ji tafin ƙafarsa biyu a ƙasa. Ya ɗaga kai ya sami tsakanin girar likitan, ya ƙirga biyu.

"Bai taɓa faɗuwa a hannuna ba, Likita. Ƙofar kabad ce ta buge shi."

Ya rufe bakinsa. Likitan ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce to, shi abin da ya gani da abin da aka gaya masa zai rubuta, sauran kuma Allah na gani. Ya sa hannu. A jirgin komawa tsohon ya ce ta bayan labule ya ji, bai fahimci ko kalma ba, amma ya ji tsayawar nan ta ƙirga biyu, kuma a shekara sittin bai yi ɗalibi kamarsa ba. Gamaliel yana ta kallon gonaki jiƙaƙƙu ta taga.

Abin da su biyun ba su lissafa ba shi ne takarda ba ta da gida ɗaya. Kwafin rahoton ya je wa GP, likitan unguwar da ke duba tsohon, daga GP ya je council, council kuwa a shekarun nan neman inda za ta yanke take yi kamar mahauci ranar da nama ya yi ƙaranci. Kafin Kirsimeti wata mata mai suna Catherine ta zo da kwamfutarta, mai fara'a, da alamar gajiya a idonta, gida na shida ke nan da ta shiga a ranar. Gamaliel yana tsaye a kicin yana ji. A nan ne ya kamata tsohon ya yi wasan gurgu, ko ma ya bar wasa ya nuna abin da ke akwai. Ina! Ya ga mace, ya ga 'yar kallo. Ya tashi da kansa ya haɗa mata shayi, ya ɗauko tire da hannu ɗaya, ya ba ta labarin Hollywood har ta share hawayen dariya. Ta tambaya ko yana iya wanka, ko yana iya girki, ko ya taɓa faɗuwa. Ya ce ta tambayi littafi.

Wasiƙa ta zo bayan sati biyu. Ana taya shi murnar samun sauƙi. Zuwa huɗu ya koma ɗaya, minti goma sha biyar da safe, a leƙa a tabbatar ya sha magani. Tunda kuma yana buɗe ƙofa da kansa, an cire ɗan akwatin da ke waje, inda carer ke ɗaukar makulli ya shiga. Gamaliel ya ce su ɗaukaka ƙara, su faɗi gaskiya. Tsohon ya ce wace gaskiyar, wadda za ta koma wa masu inshora? Ya ce saura sati shida, gidan wasa sun kama masa ɗaki a Birmingham kusa da su, ya haƙura.

A satin ne kuma aka kira Gamaliel interview karo na huɗu. Mutum uku a bayan tebur. Ya shiga ya dubi girarsu ɗaya bayan ɗaya, ya ce ni na yi, ni na iya. Da suka tambayi misalin kulawar da yake alfahari da ita, ya ba su labarin wani dattijo da ya karɓa ana zuwa masa sau huɗu a yini, ya mayar da shi sau ɗaya. Suka rubuta suna gyaɗa kai. Bayan kwana uku aka kira shi a waya, aiki na dindindin, da gwajin wata shida, a fara tsakiyar Janairu.

Ya sami ɗaki a unguwar Small Heath ta Birmingham, saman shagon wani mai nama. Ranar sallama tsohon ya ba shi makullin flat na biyu, ya ce ya riƙe don tarihi. Suka yi alkawari Litinin ta farko a Fabrairu Gamaliel zai tare shi a tasha da azahar, ya kai shi gidan wasa. Gamaliel ya fito da sandar daga bayan kabad ya ajiye kusa da gado. Yana saukowa matakala ya ji ana jan ta ana mayarwa.

Ranar Asabar, saura kwana biyu, Gamaliel ya kira tsohon a lokacin hutun rana, yana zaune a bayan ɗakin wanki na asibiti da burodi a hannu. Wayar ta daɗe tana ƙara. Tsohon yana yawo da ita a aljihun rigar barci, Gamaliel ne ya saba masa da haka. Da ya ɗauka, muryar na nan yadda take, cike da ɗaki.

"Lafiya lau."

Amma Gamaliel ya yi shekara biyu a gidan nan, ya san kukan kowane abu a cikinsa. Yana jin gurnanin firij kusa, kusa ƙwarai, kamar an kanga wayar da shi. Injin firij kuwa a ƙasa yake, dab da tayil. Mutumin da ke zaune a kujera ba ya jin sa haka. Ya tambaya ko carer ta zo. Tsohon ya ce ta zo jiya, ta zo yau, yarinyar kirki, Celestina, ya gaya mata ta bayan ƙofa yana bitar wasa kada a dame shi, ya sha maganinsa, ta tafi. Gamaliel ya ajiye burodin.

"Baba, a ƙasa kake?"

Aka yi shiru. Gamaliel ya sami kansa yana ƙirgawa tare da shi, ɗaya, biyu.

"Ina kan kujerata. Litinin da azahar, kada ka makara. Kuma Gamaliel, wata huɗun bai cika ba."

Tsohon ya kashe wayar.

To, ga waya a hannu, kiran motar asibiti lamba uku ce tak, yaro ma ya san ta. In ya kira, cikin rabin awa za a fasa ƙofar. In tsohon na kan kujera, ya tona masa asiri a banza, wasa ya tafi. In kuma yana ƙasa, za a tambayi tun yaushe yake faɗuwa, a ɗauko shuɗin littafi, a ga sunan da ke ƙasan kowane shafi, mutumin da ke sati na uku a gwajin wata shida, wanda takardun matarsa ke kan hanya. Ya ce wa kansa mai murya haka ba ya kwance a ƙasa. Ya ce wataƙila a kicin yake, ya sunkuya ɗaukar wani abu. Ya ce babba ya ce lafiya lau, wane ne shi da zai ƙaryata shi? Na'urar da ke ƙugunsa ta yi ƙara, ana neman mai tura gado a hawa na biyar. Ya tashi ya tafi. Da aka tashi aiki ya sake kira, ba a ɗauka ba, ya ce ai tsohon da wuri yake kwanciya.

Ranar Lahadi yana coci, ana tsakiyar waƙa, ya ji ba zai iya ba. Ya fita ya bar littafin waƙarsa a kan benci. Jirgin Lahadi ba ya sauri, ana gyaran hanya, sai da aka sauke su aka sa su a bas. La'asar ta yi kafin ya isa Whalley Range, ana yayyafi. A ƙofar flat ya ga 'yar takardar da Celestina ta soka da safe: ta ƙwanƙwasa ba a amsa ba, ta sanar da ofis, ofis sun ce sai Litinin, tunda a littafinsu mutum ne mai fita da kansa.

Ya sa makulli. Fitilar kicin na kunne. Daga bakin ƙofa firij ya kare sauran jikin, abin da ake hangowa kawai silifas ne guda biyu. Ɗaya ta faɗi gabas, ɗaya yamma.

Gamaliel bai ƙarasa ciki da sauri ba, don ƙafafun sun riga sun gaya masa. Da ya zagaya, ya tarar da shi a gefen firij, ƙugun ya juye yadda ƙugu ba ya juyawa. Ya jawo tawul ɗin kicin ya yi matashi da shi. Takardar wasan na kan ƙirjinsa a buɗe a shafin ƙarshe, wayar na kusa da hannunsa, da sauran caji. Gamaliel ya cire kwat ɗinsa ya rufe shi daga ƙugu zuwa gwiwa, saboda tsohon ya sake jiƙa wandonsa, sannan ya kira lambar nan mai uku.

An yi bincike, kamar yadda ake yi. Aka ɗauko shuɗin littafi, aka karanta, aka ce faɗuwar farko ce, tsautsayi ne da ba wanda zai hango. Kamfanin ya rubuto wa Gamaliel wasiƙar yabo a kan tsabtar rubutunsa. Ba wanda ya tambayi abin da aka faɗa a wayar ranar Asabar, shi kuma bai yi tayi ba. Mutum bakwai ne a wurin binnewa. Wata jarida ta ba shi layi shida, ta ce ɗan wasan da ya shahara da iya mutuwa.

In ana batun riba, council ta ci zuwa uku a kowace rana, daga baya ta ci na huɗun. Gidan wasa sun ba wani ɗan shekara sittin kujerar, suka shafa masa furfura, aka yi ta tafi. Gamaliel ya cika wata shidansa, Justina ta sauka a watan Satumba da akwati biyu da ƙullin daddawa, ta ce ya canja, yanzu idan yana magana yana kallon mutum. Baba Haskett shi ya yi asara, kujerar da labulen da ran gaba ɗaya, kodayake asirin da ya saya an rufa masa shi har kabari, ba a tauye masa mudu ba.

Saura abu ɗaya da ba a san a wane gefe za a sa shi ba. Dakta Ashafa yana duba marasa lafiya a asibitin nan ranar Talata da Alhamis. Idan suka haɗu a baranda, yakan tsaya ya ce, Malam Gamaliel, ina gajiya, ya iyali? Bai taɓa ƙara ko kalma a kai ba. Gamaliel yana iya kallon shugaban asibitin kansa a tsakiyar gira, amma a nan dabarar ba ta ci. Sai ya ce lafiya lau, idonsa a kan gadon da yake turawa, wajen ƙafafun mai kwanciya.